Motar Jana'izar Layinmu

Samarin da ke zuwa garejina yanzu suna cewa aikinmu ya yi sauƙi. A ganinsu, ka jona na'ura a ƙarƙashin sitiyari, ta rubuta maka abin da ke damun mota, ka canza shi, ka wanke hannu. Ba na musu da su. Na'urar tana da amfani, ni ma na saya. Amma akwai wata mota da ta nuna mini abin da na'ura ba ta gani, kuma wanda ya sa ni a hanyar gano ciwonta ba ya nan yanzu. Shi ya sa na ga gara in rubuta yadda abin ya faru tun ina tuna shi daidai.

Sunana Fuseini. A Zogbeli nake zaune, garejina yana Aboabo, a wurin da na koyi aikin. Ina ɗan shekara sha biyar mahaifina ya kai ni wurin Masta Iddrisu da goro a ƙunshe cikin ganye. Shekarar farko ban taɓa motar kowa da sifana ba. Aikina wankin noti da kalanzir, sai tsayuwa. Idan aka kawo mota, Masta zai tsayar da ni kusa da ita, ya sa a murza makulli, sannan ya tambaye ni, "Me ka ji?" In na ce ban ji komai ba, sai ya ce, "To je ka wanke kunnenka da kalanzir ɗin da ya rage."

Daga bakinsa na koyi cewa motar da ta ƙi tashi iri biyu ce. Akwai wadda za ka murza makulli ta yi shiru, ko ta yi ƙas-ƙas. Wannan batir ne ko sitata, ba ta da wuya. Akwai kuma wadda inji yake juyawa sosai, da ƙarfinsa, amma ba ya kamawa. Wannan ta rasa ɗaya daga cikin uku: wutar fulogi, ko mai, ko iska. Ita ma in ka bi ta a hankali za ka gano. Wadda ke tsufar da bakanike ita ce mai yi yau ta bari gobe, wadda za ta wulakanta mai ita a hanya, a kawo maka ita ta tashi da murzawa ɗaya kamar ba ta taɓa laifi ba.

Kayan da Masta yake binciken irin wannan mota da su biyu ne. Na farko fitilar gwaji da ya haɗa da hannunsa: ƙwan fitilar babur, waya biyu, da ƙusa a baki ɗaya. Na biyu guntun tiyo, tsawon hannu, da yake sa baki ɗaya a kunne ɗaya a jikin abin da yake son ji. Yanzu suna cikin akwatina.

Motar da nake magana a kanta farar pikap ce mai shan fetur, tsohuwa. Wani ɗan layinmu da ke zaune a waje ya aiko da ita sadaka ga masallacinmu domin kai gawa makabarta, saboda makabartar ta yi nisa, kafaɗa ba ta iya kaiwa kamar da. Aka sa maƙeri ya yi mata dogon ƙarfe biyu a bayanta inda makara ke zama, don kada ta zame. Baba Alhassan, tsohon direban lori da ya aje tafiyar nesa, shi ke tuƙa ta, kuma ba ya karɓar komai a kan haka. Bayan kowace jana'iza yakan wanke bayanta da ruwa da sabulu da kansa.

Ta yi shekaru tana aiki lafiya. Sai a shekarar da ba na mantawa, wadda damina ta yi tsawo, zazzaɓi ya shiga gidaje, kayan gyara suka riƙa tsada kullum har mutane suka fara jingine motocinsu. A shekarar ce ɓarin jikin Masta na hagu ya shanye. Aka mayar da shi gida, gareji ya dawo hannuna. A shekarar ce kuma pikap ta fara halinta.

Ran farko da Baba Alhassan ya kawo ta, ya fito yana faɗa tun kafin ya rufe ƙofa.

"Masta Fuseini, motar nan ta ba ni kunya jiya. An gama salla, an sa makara, na murza, inji yana juyawa, ba ta kama ba. Sai da mutane suka sauko, Afa Liman ya yi addu'a, sannan ta tashi."

Na murza makulli. Ta tashi. Na kashe, na sake, sau goma. Na cire fulogi na ga wuta shuɗiya mai kyau. Na duba fiyus, na duba matatar mai. Na sa tiyo a jikin tanki na ji famfon mai yana yin ƙararsa. Ga wanda bai sani ba, a irin wannan mota famfon yana cikin tanki, a ƙarƙashin bayanta, kuma in ka juya makulli rabi zai yi ɗan gurnani na daƙiƙa biyu kafin ka tayar. Komai daidai. Na ce wataƙila rile ne, wato ɗan akwatin da ke sakar wa famfon wuta, don yakan gaji ya riƙa maƙalewa. Na canza shi. Ban tabbatar ba, zato na yi, kuma na san zato na yi.

Jana'iza uku ta kai lafiya. A ta huɗu ta sake ƙi.

Wannan karon na sauke tanki na canza famfon gaba ɗaya. Nan ne kuskurena mafi girma. Famfon da na cire lafiyarsa ƙalau, daga baya na sa shi a wata mota, har yau yana aiki. Na canza shi ne don Baba Alhassan yana tsaye a kaina, jama'ar masallaci suna jiran su ji an yi wani abu, ni kuma ina so in ce na yi. Har na kira wani saurayi daga Vittin mai babbar na'ura, wadda ta fi tawa. Ya jona, ya duba, ya juyo mini da fuskarta. "Masta, motar nan ba ta da komai." Gaskiya ya faɗa. A lokacin da ya duba, ba ta da komai.

Sai ranar Mma Adisa. Tsohuwa ce mai sayar da koko a bakin layinmu. Babu yaron da ya tashi a Zogbeli ta wajenmu bai sha kokonta kyauta ba, kuma rabin matan layin ita ta karɓi haihuwarsu. Ranar jana'izarta sahu ya fito har kan titi. Aka sa ta a mota, mutane suka hau, Baba Alhassan ya murza. Inji ya juya, ya juya. Baba ya ƙi haƙura, ya yi ta murzawa har batir ya mutu murus, yadda ko turi bai yi amfani ba. Rana ta take, gawa ba ta jira. Ƙarshe motokin aka kira, mai ƙafa ukun nan da ake ɗaukar doya da siminti, aka share bayansa aka shimfiɗa tabarma. A haka aka kai ta. Ina cikin masu bin ta a babur. Ban ɗaga kai ba har muka isa.

Bayan nan magana ta fara yawo. Ba a fili ba, a wurin masu shayi da bakin famfo. Wai motar ba kowa take ƙi ba, tana zaɓe. Wai wanda ta ƙi ɗauka akwai abin da ya ɓoye a duniya. Aka lissafa mutum ukun da ta ƙi, aka fara tono. Babban ɗan Mma Adisa, Sulemana, ya daina zama bayan salla, da an sallame sai ya ɗauki takalminsa ya wuce.

Kullum bayan la'asar ina biyawa gidan Masta. Yana kwance a zaure a kan katifa, bakinsa ya ɗan karkace, amma kansa yana nan yadda na san shi. Ban so in kai masa maganar ba. Ashe ta riga ni zuwa.

"Na ji an kai Adisa a motokin," in ji shi.

"Haka ne, Masta."

"Motar wa ya gyara?"

"Ni ne."

"Me ka samu?"

Na faɗa masa abin da na canza.

"Ban tambaye ka abin da ka canza ba. Me ka samu?"

Na ce ban samu komai ba. Ya daɗe yana kallon rufin zaure, sannan ya ce, "Fuseini, ka ga yadda nake. Likita ya yi nasa, ni ma na san nawa. Motar nan ni ma ita za ta kai ni. Ba na so a shanya ni a ƙofar masallaci kamar barkono, ana cewa Iddrisu ya yi shekara hamsin yana tayar da motocin mutane, tasa ta ƙi. Kuma kada a ɗauke ni a motokin. Ni ba doya ba ne."

Na ce, "Allah Ya ba ka lafiya, Masta."

"Amin. Amma ka gyara motar."

Sai ya fara tambaya, irin tambayoyinsa na da, ɗaya bayan ɗaya, yana hutawa a tsakani. Da safe take ƙi ko da rana? Na ce duka. Da ruwan sama ko babu? Duka. Inji da zafi ko da sanyi? Tanki cike ko rabi? Ta taɓa ƙi a makabarta, wajen dawowa? Na yi tunani, na ce a'a, ba ta taɓa ba. In an are ta ɗaukar kujerun suna ko biki fa? Na ce ba ta taɓa ba.

"To a ina take ƙi?"

"A ƙofar masallaci."

"Kai kuma a ina kake gwada ta?"

"A gareji."

"Da wa a bayanta?"

"Babu kowa."

Ya rufe ido. "Shekara nawa ka yi a hannuna?"

Nan take na gane. A layinmu ba a barin inji yana ƙara ana sallar gawa. Baba Alhassan yakan kawo motar ya kashe ta. Sai an sallame, an ɗora makara, 'yan uwa da masu son lada sun hau sun kewaye ta, sannan ya murza makulli. Wajen dawowa kuwa makara ba kowa a ciki, kuma yawanci mutane sun rarrabu a babura. Wato sau ɗaya kawai ake tayar da motar da cikakken nauyi a kanta, kuma ni ban taɓa ganinta a wannan hali da idon bakanike ba. Duk ranar da abin ke faruwa ina cikin sahu, hankalina yana kan mamaci.

Washegari bayan azahar na tsayar da Liman kafin jama'a su watse.

"Afa, ina so ka ara mini makara da mutanenka na ɗan lokaci."

Ya kalle ni ta saman tabarau. "Wa ya rasu?"

"Babu kowa. Gwaji zan yi."

Da na yi bayani ya yarda. Aka fito da makara aka ɗora. Saura nauyin da za a sa a ciki, sai kowa ya fara kallon ɗan uwansa.

Baba Alhassan ya ce, "Masta Fuseini, kai ne mai gwaji, kai za ka kwanta."

"Ni a ƙarƙashi zan kwanta, Baba. Kai da ka saba da ita ka shiga."

"Wa zai murza makullin, kakanka?"

Wani mai sayar da hatsi ya ce a bar wahalar da juna, ya aika aka kawo buhun masara. Aka kwantar da shi a makara. Na ce duk wanda ya saba hawa ya hau, ya zauna inda ya saba zama. Suka hau, wajen mutum goma sha biyar, suna 'yar dariya ƙasa-ƙasa irin ta wanda bai tabbatar ko ya dace ya yi ba. Sulemana bai hau ba. Yana tsaye a jikin bango da takalmi a hannu.

Na shimfiɗa kwali na shiga ƙarƙashi da fitilar Masta da tiyonsa. Na sa tiyo a jikin tanki.

"Baba, juya rabi."

Na ji makulli ya yi ƙas. Famfo bai yi ko motsi ba.

"Tayar."

Inji ya juya, ya juya, bai kama ba. Dariyar sama ta ɗauke. Ni kuwa a wata uku ban ji sauti mai daɗin wannan ba, don ciwon ya zo ya same ni ina kwance a gabansa.

Wayoyi biyu ke zuwa famfo: mai kawo wuta, da baƙa mai mayar da ita jikin ƙarfen mota, wadda muke kira at. Na maƙala fitila a shasi, wato ƙarfen da jikin mota ke zaune a kai, na taɓa mai kawo wuta, na sa Baba ya juya. Ta kama fes. Wuta tana zuwa ke nan. Na cire daga shasi na maƙala a baƙar wayar, ya sake juyawa. Fitila ta yi ja-ja kamar garwashin da ke mutuwa. Wuta tana zuwa, hanyar komawa ce babu.

Na ce su riƙa sauka ɗaya-ɗaya, duk wanda ya sauka Baba ya sake juya makulli. Na farko, ja. Na biyu, ja. Da na shida ya diro, fitila ta haska, famfo ya yi gurnani a kan fuskata.

Na bi baƙar wayar da yatsa. Ya kamata ta ƙare a kan shasi. Ba can ta ƙare ba. Lokacin da maƙeri ya huda bayan motar don ya ɗaure ƙarfen makara, wayar ta tare masa hanya, sai ya kwance ta ya ɗaura ta a kan nasa notin, a jikin farantin da ake takawa. Ba mugunta ya yi ba, a wurinsa ƙarfe ƙarfe ne. Shekaru ruwan wankin Baba Alhassan yana bi ta hudar yana sauka a kan notin, tsatsa ta ci wurin, faranti ya yi laushi. In babu nauyi, noti yana matse da wayar. In mutane suka yi yawa, faranti ya lotsa, noti ya saki, waya ta rage tana lilo a kan tsatsa. In inji ya riga ya tashi, girgiza da ƙarfin caji suna riƙe ta. Amma a lokacin tayarwa, da sitata ke shanye ƙarfin batir, abin da ya rage ba ya isa famfo.

Gyaran bai kai minti goma sha biyar ba. Na yanke kan wayar na sa sabo, na kankare shasi har ya yi fari, na ɗaure ta a inda aka yi ta ta zauna, na shafa giris. Na sa suka sake hawa, har da ƙarin mutum biyar. Ta tashi. Sau bakwai muka gwada.

Da na fito ina karkaɗe riga, na ce wa Liman, yadda kowa zai ji, "Afa, motar nan ba ta san mamaci ba. Nauyi ta sani. Ran da masu rakiya ba su da yawa, tana tashi. Mutum ukun da ta ƙi, su ne waɗanda jama'a suka fi cika motar saboda su."

Liman ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Allah Ya gafarta mana abin da bakinmu ya faɗa." Sulemana ya aje takalminsa ya saka, ya zo ya kama hannuna da baƙin mai da komai, ya riƙe. Sannan ya zagaya bayan masallaci.

Da la'asar na kai wa Masta guntun wayar da na yanke. Ya juya ta a hannunsa mai lafiya, ya kankare tsatsar da farce.

"Wannan ce ta sa ka sauke tanki?"

"Ita ce."

"Ka gwada da nauyi?"

"Mutum ashirin da buhun masara."

"Masara ba ta da jama'a," in ji shi. "Saura gwaji ɗaya. Wannan ni zan yi maka shi."

Kwana goma sha ɗaya ba a yi rasuwa a layinmu ba. A na sha biyu, ranar Talata da hantsi, ina ƙarƙashin wata tasi aka zo aka faɗa mini Masta ya rasu.

Ban san yawan waɗanda suka koyi aiki a hannunsa ba sai ranar. Gareji-gareji aka rufe a Aboabo. Wasu sun zo da kayan aikinsu a jiki, sun yi alwala baƙin mai bai fita daga farcensu ba. Direbobin lori, masu tasi, masu keken fasinja da muke kira yalo-yalo, mutanen da na daɗe da ɗauka sun bar gari. Bayan an sallame muka ɗauke shi muka ɗora a kan ƙarfen nan biyu. Ba shi da nauyi. Mutane suka hau har babu wurin sa ƙafa, wasu suka tsaya a kan bamba suna riƙe da juna. Na ga bayan motar ya sauka ƙasa fiye da yadda na taɓa gani. Liman ya buɗe baki zai ce wasu su sauka, na ce, "Afa, bar su."

Baba Alhassan ya zauna a mazauninsa, ya sa makulli, sai ya cire hannu. Ya leƙo ta taga.

"Masta Fuseini, zo ka tsaya kusa."

Na je na tsaya a gefen tanki, inda Masta yake tsayar da ni ina yaro. Babu tiyo a hannuna, kuma ban buƙace shi ba, don duk yawan mutanen nan babu mai ko tari. Baba ya yi bisimilla ya juya rabi. Na ji famfo ya yi gurnaninsa na daƙiƙa biyu. Na ɗaga masa kai. Ya murza, ta tashi.

Muka kai shi kafin azahar.

Wannan shi ne abin da nake so samarin nan su sani. In an kawo maka motar da ke ƙi wata rana, kada ka fara da buɗe akwatin kaya. Ka zaunar da mai ita ka tambaye shi a ina take ƙi, da wane lokaci, wa ke cikinta, me aka saba yi kafin a murza makulli. In ta kama ka bar gareji ka bi ta can, ka bi ta. Kada ka canza abin da ba ka kama da laifi ba.

Pikap ɗin tana nan tana aiki. Duk wata Baba Alhassan yakan kawo ta in shiga ƙarƙashi in duba wayar, in ƙara giris. Ya ce mini ba sai kowane wata ba, tunda ta gyaru. Na ce masa ya riƙa kawowa.